TSUTSA MA TANA DA 'YAN TAURI



Akwai wata magana da ta bazu a tarurrukanmu tun da aka fara kawo mana maganin ƙwari wanda ba na sinadari ba, da sabon irin waken nan mai kare kansa daga tsutsa. Mutane suna cewa wai wannan magani na halitta ne, daga ƙasa aka samo shi, don haka ƙwari ba za su taɓa gagararsa ba. Masu sayar da magani a kasuwa suna faɗin haka, waɗansu malaman gona ma suna faɗi. Maganar tana da daɗin ji, amma ba gaskiya ba ce. Idan kuwa muka shirya nomanmu a kanta, abin da ya kamata ya yi mana aiki har 'ya'yanmu su gada zai mutu a hannunmu cikin 'yan shekaru kaɗan.

Bari mu fara da sanin maganin kansa. Wanda aka fi amfani da shi ana kiransa Bt, watau gajeren sunan wata ƙwayar cuta mai suna Bacillus thuringiensis, wadda take zaune cikin ƙasa. Ba sabon abu ba ne. A shekara ta 1901 aka fara ganinta a ƙasar Japan tana kashe tsutsar siliki, a 1911 aka sake samunta a Jamus aka ba ta suna, a 1938 kuma aka fara sayar da ita a Faransa don feshi. Wannan ƙwaya tana yin wata guba wadda ba ta aiki don ta taɓa jikin ƙwaro kawai. Sai tsutsa ta ci ta. Cikin mutum mai tsami ne, amma cikin tsutsa kamar ruwan kanwa yake, a cikin irin wannan ruwa ne gubar take narkewa. In ta narke sai ta nemi waɗansu wurare a bangon hanjin tsutsar ta manne, kamar yadda mabuɗi yake shiga kwaɗonsa. In ta shiga sai ta huda hanjin. Tsutsar ta daina ci, bayan kwana 2 ko 3 ta mutu. Shi ya sa maganin yake ƙyale mutum da akuya da kaza, yake kuma ƙyale ƙudan zuma da zanzaro, gama ba su da irin wannan kwaɗo.

Hanya biyu maganin yake zuwa mana. Akwai na feshi, wanda masu lambun kabeji da tumatir suke saye. Akwai kuma wanda masana suka sa cikin irin shuka, har shukar da kanta take yin gubar. Irin wannan ne waken SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta fitar a watan Disamba na 2019 domin tsutsar da take cin fure da kwanson wake. Kafin shi, a 2018, an yarda da audugar Bt a Nijeriya, a 2024 kuma aka fitar da masarar da ake kira TELA. Wanda ya taɓa noma wake ya san abin da tsutsar nan take yi. A mummunar shekara takan cinye har kashi 80 cikin 100 na amfanin. Manomi yakan yi feshi sau 6 zuwa 8 kafin ya ga wake a buhu. Da sabon irin, feshi 2 ake cewa ya isa, shi ma domin sauran ƙwarin da Bt ba ya kamawa ne, kamar masu tsotsar kwanso. Wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne ga aljihu, da ƙirjin yaran da suke goya famfo. Saboda abin yana da amfani ne nake wannan rubutu.

Kalmar nan “sabo” ita ce take ruɗa mu. Mukan ɗauka tsutsa tana cin magani kaɗan kaɗan har jikinta ya saba, kamar yadda yaro yake sabawa da yaji. Ba haka abin yake ba. Tsutsar da maganin zai kashe, zai kashe ta. Amma cikin dubban tsutsotsi ba duka ne daidai ba, kamar yadda zangarniyar dawa a gona ɗaya ba ta zama daidai. Can cikin taron akwai ɗaya ko biyu waɗanda aka ƙyanƙyashe su da kwaɗo dabam, mabuɗin gubar ba ya shiga. Tun kafin a kawo maganin garin suna nan, ba wanda ya lura da su domin ba su da yawa. Su ne 'yan taurin tsutsa. Wuƙar da take yanka kowa ba ta kama su.

Yanzu ku tuna da abin da kowannenmu yake yi da kaka. Kafin a kai dami rumbu, manomi yakan zaɓi zangarniya mafi girma da nauyi ya ɗaure dabam, ya ce wannan iri ne. In ya yi shekara 10 yana haka, sai ka ga dawarsa ta fita dabam da ta maƙwabta. Ba dawar ce ta koyi girma ba. Manomin ne ya zaɓi wadda za ta haifi ta baɗi. To, duk ranar da ka ɗauki famfo ka yi feshi, zaɓen iri kake yi wa tsutsa. Ka kashe masu jin magani, ka bar 'yan tauri su zama iri. Sun sami gona ba abokin ci, sun girma, sun zama faɗa-wuta, watau ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafin nan mai tashi da dare, sun auri junansu, sun zuba ƙwai. Ka sake feshi da magani ɗaya, ka sake tace su. Bambancin kawai shi ne, dawa sau ɗaya take haihuwa a shekara. Tsutsar wake kuwa daga ƙwai zuwa faɗa-wuta ba ta cika wata guda ba. Tsutsar kabeji mako 2 zuwa 3 ya ishe ta in da zafi, har takan yi haihuwa fiye da 10 a shekara. Aikin da zai ɗauki manomin dawa shekara 10, ita a shekara guda ta gama shi. Kuma wannan zaɓe bai damu da inda magani ya fito ba, ko daga masana'anta ko daga ƙasa. Duk abin da yake kashe mafi yawa ya bar kaɗan, yana zaɓen iri ne. Mun ga haka a jikinmu da kulorokwin, wanda iyayenmu suka dogara da shi don zazzaɓin cizon sauro, har ya zo ya daina aiki, gwamnati ta sauya shi wajen shekara ta 2005.

Kada wani ya ce wannan lissafin makaranta ne kawai. Ya riga ya faru. Tsutsar kabeji ce ta fara. Ita ce ma ƙwaron gona na farko da ya gagari DDT, a tsibirin Jawa a 1953. A 1990 masana a Hawayi ta Amurka suka ba da labarin cewa a lambunan da ake yawan fesa Bt, tsutsar nan ta daina mutuwa kamar dā. Irin tsutsar ce take huda kabejinmu a kan dutsen Jos da fadamu. A Jamus kuma, wajen 2005, masu gonakin tuffa waɗanda ba sa amfani da sinadari ko kaɗan suka tarar wata ƙwayar cuta dabam da suke fesa wa tsutsar tuffa ta daina kama ta. Watau ba Bt kaɗai abin ya shafa ba.

A nahiyarmu ma an gani. Afirka ta Kudu ta fara shuka masarar Bt a 1998 domin tsutsar kara, irin wadda take huda karan masara da dawa a nan. An kafa doka cewa kowane manomi ya bar wani ɓangare na gonarsa da masara ta gargajiya: kashi 5 cikin 100 in ba zai fesa mata magani ba, ko kashi 20 in zai fesa. Manoma da yawa ba su bi ba a shekarun farko. A 2007 aka tabbatar cewa a wani yanki na noman ban-ruwa tsutsar tana cin masarar Bt tana ƙiba. Shekara 9 ke nan kacal.

Amma labarin da nake so ku riƙe shi ne na jar tsutsar auduga, domin tsutsa ɗaya ce, magani ɗaya, ƙasashe biyu, ƙarshe biyu. Indiya ta yarda da audugar Bt a 2002. Da farko abin ya yi kyau ƙwarai, kowa ya ruga, har ya zama fiye da kashi 90 cikin 100 na audugar ƙasar Bt ce. Kamfanoni suna haɗa wa manomi ɗan ƙunshin irin gargajiya tare da na Bt domin ya shuka a gefe. Manoma da yawa suka yar da ƙunshin, gama gonakinsu ƙanana ne, kowa yana ganin asara ce ya ba tsutsa kunya ko ɗaya. Waɗansu kuma suka riƙa barin auduga a gona wata da watanni bayan lokacinta don su ƙara tsinka, tsutsa ta sami abinci kusan shekara duka. A 2010 kamfanin da ya yi irin ya yarda cewa tsutsar ta gagari gubar a jihar Gujarat. Akwai sabon iri mai guba biyu wanda aka kawo tun 2006, shi ma zuwa 2015 ta gagare shi. Manoman da suka sayi iri mai tsada don su huta da feshi suka koma suna sayen iri mai tsada, suna kuma feshi.

A jihar Arizona ta Amurka kuwa an fara shuka audugar Bt tun 1996. Can an tilasta barin gonakin audugar gargajiya kusa da na Bt, ana kuma bin sawu ana dubawa kowace shekara. Shekara 10 suka wuce tsutsar ba ta gagari maganin ba. Daga 2006 suka ƙara da sakin faɗa-wuta waɗanda aka mai da su marasa haihuwa, manoman yankin duka suna aiki da shiri ɗaya. A 2018 aka yi shelar cewa an kawar da jar tsutsar daga gonakin audugar Amurka. Ba mu da kuɗinsu ko jiragensu, wannan gaskiya ne. Amma abin da ya riƙe musu maganin shekara 10 na farko ba jirgi ba ne, gonakin nan ne da aka bari a gefe.

Yaya barin tsutsa ta ci wani ɓangare yake kare sauran? A nan mu 'yan ekklesiya muna da misali a hannu. Kafin a ɗaura aure, yawancin ekklesiyoyinmu sukan ce saurayi da budurwa su je a gwada jininsu saboda sikila, Allah ya ba masu fama da ita sauƙi. Kowa ya san yanzu cewa yaro ba ya zama SS sai ya gada daga uba da uwa duka. In AS ya auri AA, ba za a haifi SS ba. Taurin tsutsa a kan Bt sau da yawa haka ake gadonsa. Sai ta samu daga ɓangare biyu take zama cikakkiyar 'yar tauri. Wadda ta samu daga ɓangare ɗaya kawai, in gubar ta yi ƙarfi sosai, mutuwa take yi. Saboda haka in 'yar tauri ɗaya ta tsira a gonar Bt, abin tambaya shi ne, wa za ta aura? In duk garin Bt ne, ba wanda ya rage sai ɗan tauri irinta, 'ya'yansu duka 'yan tauri. In kuwa akwai kunyoyin waken gargajiya kusa, faɗa-wuta masu jin magani suna fitowa daga can da yawa, ɗaya daga cikinsu za ta haɗu da shi, 'ya'yan kuwa maganin zai kama su. Waɗannan kunyoyi su ake kira mafaka. Dabarar ba ta cika aiki kullum ba. A Afirka ta Kudu an gano daga baya cewa tsutsar kara tana iya gadon taurin daga ɓangare ɗaya ma. Duk da haka, inda aka bar mafaka mai yawa magani ya fi daɗewa, inda aka ƙi ya mutu da wuri.

Ga dalilin da ya sa na kawo maganar gaban jam'iyyu, ban kai wa kowa a gonarsa ba. Faɗa-wuta ba ta san iyaka ba. Ba ta san wannan gonar dattijon ekklesiya ce, waccan ta maƙwabcinmu Musulmi ce. Ƙarfin maganin nan kamar rijiyar gari yake, na kowa ne. Mutum ɗaya da ya bar mafaka cikin mutum 50 da suka ƙi, asara kawai ya yi. Mutum ɗaya kuma da ya ƙi cikin 50 da suka bari, ya ci ribar wahalarsu. Kowa in ya zauna shi kaɗai ya yi lissafi, lissafin zai ce masa kada ya bari. Haka manoman Indiya suka yi, kuma ba wawaye ba ne. Irin wannan matsala ba ta warwaruwa sai a taro, a yi alkawari, a rubuta, a riƙa duba juna. Mun saba da wannan wajen bashin taki da aikin gayya. Cikin Littafin Firistoci sura 19 an umarci Isra'ilawa kada su girbe gona har gefenta. An yi wannan doka domin matalauta da baƙi ne, ba domin tsutsa ba, kada wani ya ce malamin gona ya karkatar da Nassi. Amma mutanen da suka girma da jin wannan doka bai kamata barin gefen gona ya zama musu baƙon abu ba.

Wani zai ce, ai tsutsar wake tana rayuwa a kan itatuwa da ciyayin daji, waɗannan ma mafaka ne. Da gaskiya a ciki. Masu bincike sun nuna cewa da rani tana zama a kudu inda ake da danshi, a kan shuke-shuken daji dangin wake, da damina kuma ta biyo ruwa zuwa arewa. Wannan yana taimakonmu. Amma sa'ad da ta iso wurinmu, wake ne babban abincinta, daji kuma kowace shekara raguwa yake yi. Ba zan so mu jingina amfanin gonarmu a kan daji wanda ba mu ne muke kiwonsa ba.

Shawarata ga kowace jam'iyya da za ta sayi irin SAMPEA 20-T ita ce, ta sayi irin mafaka tare da shi, rana ɗaya, a raba su tare. A bi abin da takardar irin ta ce game da yawan mafaka. Inda ba a sami takarda ba, ni dai zan ce kunya 1 cikin kowace 5, gwargwadon kashi 20 da aka daɗe ana bi a gonakin masarar Amurka. A yi hankali da irin da za a zaɓa. Waɗansu za su ce ai muna da kanannado a cikin dawa, ya isa. Kanannado yana da amfani, harawarsa ba ta da na biyu, amma yana yin fure ne a ƙarshen damina, sa'ad da sabon irin ya riga ya nuna. Mafakar da ba ta yi fure lokaci ɗaya da gonar Bt ba, faɗa-wutanta ba za su haɗu da 'yan tauri ba. SAMPEA 10 ya fi dacewa, gama daga gare shi aka fitar da 20-T, tare suke tafiya. A shuka shi a kunyoyinsa dabam, kusa da na Bt, kada a cuɗanya irin a ƙwarya ɗaya, domin tsutsa takan yi ƙaura daga wannan tushe zuwa wancan. Kada kuma a fesa wa mafaka Bt na ruwa, in an yi haka an rushe ta. Da kaka a ajiye irin kowanne a buhunsa da suna a jiki. Waken da aka auno a mudu a kasuwa ba wanda ya san ko wane ne.

Akwai kuma maganar adalci. Mai eka 10 ba zai ji barin eka 2 ba kamar yadda gwauruwa mai rabin eka za ta ji barin kunyoyi kaɗan. In jam'iyya ta kafa doka ɗaya ga kowa ba tare da duban wannan ba, marasa ƙarfi ne za su fara karya ta a ɓoye, ba kuwa zan ga laifinsu ba. Gara masu manyan gonaki da suke maƙwabtaka da ita su ɗauki rabonta, ko kuwa a ba ta irin mafaka kyauta daga asusun jam'iyya. Na san kuma akwai 'yan'uwa a cikinmu waɗanda lamirinsu bai yarda da irin da aka sa wa hannu a ɗakin bincike ba, sun ce ba za su shuka ba. Ba wannan gardama nake yi yau ba. Amma masu shukawa su daina yi musu ba'a, gama gonar wancan ɗan'uwa mafaka ce da take tsare muku maganinku kyauta.

Masu lambu da suke fesa Bt na ruwa, naku ya fi sauƙin faɗi. Kada ku rage awo don kwalba ta daɗe. Magani mai rauni yana barin masu rabin tauri su tsira, su ne kuwa iyayen cikakkun 'yan tauri. Ku fesa tun tsutsa tana ƙarama, da yamma, domin rana tana kashe maganin cikin 'yan kwanaki. Kada ku yi feshi don ranar Asabar ta zo, sai kun duba ƙarƙashin ganye kun ga tsutsa. Kada kuma ku bi Bt da Bt tun daga dashe har yanka. Ku sa ruwan 'ya'yan darbejiya a tsakani, ku sa yara su tsince abin da hannu zai iya. Abin da ya fi duka wuya shi ne a yarda a fadama ɗaya cewa akwai makonnin da ba kabeji ko ɗaya a ƙasa, a tuge kututturen da aka yanke a ba dabbobi. Dattawanmu na ƙasar auduga sun tuna lokacin da hukuma take tilasta a tuge karan auduga a ƙone kafin wata rana da aka sa. Mutane sun ƙi jinin dokar, amma yunwa ce ake sa wa tsutsa tsakanin kaka da shuka.

Ba kowane feshi da ya ƙi aiki ne yake nuna tauri ba. Sau da yawa maganin ya daɗe a rana a rumfar mai sayarwa, ko kwanansa ya wuce, ko ruwa ya wanke shi, ko tsutsar ta riga ta girma ta shige cikin kwanso, ko kuwa ƙwaron ba tsutsa ba ne ma, darɓa ce, wadda Bt ba ya taɓawa. Saboda haka magatakardan kowace jam'iyya ya buɗe shafi a littafinsa: wa ya shuka wane iri, a ina, wane magani aka fesa, wace rana, me aka gani bayan kwana 3. In aka sami manyan tsutsotsi masu rai cikin fure ko kwanson waken 20-T a gonaki fiye da ɗaya, kada a ruga a ƙara magani. A tsinko kwanson tare da tsutsar a ciki, a sa a gwangwani mai 'yan huji a murfi, a rubuta sunan gari da kwanan wata, a kawo wa malamin gona na yankinku a ranar, domin a aika Samaru tun tsutsar tana da rai.